Ramukan da Na Huda a Gidan Sitti Hauwa

Ku da nake koya wa aiki, duk lokacin da na ga ɗayanku ya soka tiyo a bango yana shara, hannu ɗaya a aljihu, sai dariya ta kama ni. A ganinku aikin ke nan. Har na ji wani a cikinku yana cewa ko makaho zai iya dasa injin sharar cikin bango, in dai an nuna masa inda bututu zai bi. To ni da idona biyu na dasa na farko a unguwar Jarwal ta Makka, kuma saura kaɗan in raba wata tsohuwa da gidan da aka haife ta. Ku gyara zama ku ji.

Ni ba da inji na fara ba. Na iso Makka ta hanyar Sudan ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ban iya komai ba sai noma da cirar auduga. Mu'allim Isiyaku ne ya ɗauke ni, wani dogon Bakatsine mai gajen haƙuri da ke share gidajen da alhazai ke sauka. Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai sandar bugu mai lanƙwasa, da tsintsiyar kaba mai tauri ta matakala, da mai laushi ta darduma, sai gwangwanin ganyen shayin da aka riga aka dafa, wanda muke bi wurin masu shayi muna karɓa. Da danshinsa ake watsa shi a kan darduma, ƙura ta manne masa, sannan a share. Wanda ya watsa shi da ruwa tsamo-tsamo ya ɓata dardumar mutane, wanda ya bari ya bushe kuma ya ƙara wa kansa shara.

Dardumar farko da aka ba ni in buga, a saman rufin wani gida ne a Jarwal. Na rataye ta, na zage ina dukanta kamar ta yi mini laifi, ina jin daɗin yadda ƙura ke tashi. Ban lura da inda iska ta dosa ba. Duk abin da na fitar ya tafi ya sauka a kan farar shanyar maƙwabta. Mu'allim ya hau ya karɓe sandar, ya bar ni na sha zagin matar gidan da Larabcin da ban gama ji ba, sannan ya ce, "Haruna, ƙura ba ta ɓacewa, wuri take sakewa. Kafin ka ɗaga sanda, ka fara sanin gidan wa za ta koma." Shekara bakwai na yi a hannunsa, kuma in aka matse duk abin da ya koya mini, wannan maganar ce za ta fito.

Gidan da muka fi yi wa aiki shi ne na Sitti Hauwa. Hawa biyar ne na dutse, da tagogin nan na katako masu raga-raga. Kakanta ne ya taho daga Kano a ƙafa ya kafa shi, ita kuma a ciki aka haife ta, a ciki aka yi mata aure, a ciki mijinta ya rasu. Hausarta rabi Larabci ce, amma in ta tashi faɗa da Hausa zalla take yi. In lokacin Hajji ya zo, mutanen gidan sukan tattara su koma hawa na ƙarshe, a bar wa alhazai huɗun ƙasa. Kafin su zo sai mun fitar da kowace darduma mun buge, bayan sun tafi kuma sai mun sake, wannan karon da dattin wata guda. Ƙurar kuwa ba ta da wata hanya sai matakala da ramin iskan da ya ratsa gidan daga ƙasa har sama. Can saman kuma Sitti take zaune da ciwon fuka.

Shekara biyu a jere ana kwasarta zuwa asibiti bayan sharar Hajji. Babban ɗanta Saleh, ɗan kasuwa ne mai zirga-zirga Jidda, ya riga ya gina gida a Ka'akiyya, can bayan gari. Kada ku dubi Ka'akiyyar yau. A ƙarshen shekarun sittin ɗin nan fili ne da 'yan gidaje da awaki. Wata rana ina goge matakala na ji su ta bayan labule.

"Ummi, likita ya ce kalas, magana ta ƙare. Ƙirjinki ba zai ɗauki wata shekarar a gidan nan ba."

"Likitan a nan aka haife shi?" in ji ta. "Ni daga ƙofar nan nake takawa zuwa Harami tun ina riƙe da zanen uwata. Ranar da na mutu ma daga ƙofar nan nake so a ɗauke ni a kafaɗa. Ba na son a jefa ni a mota kamar buhun shinkafa."

Suka ja, suka ja, daga ƙarshe suka tsaya a kan Hajji ɗaya. In aka sake kai ta asibiti, daga can Ka'akiyya za ta wuce.

Ba a yi wata ba Saleh ya dawo daga Jidda da labarin wani inji da ya gani, wanda ake ajiye shi wuri guda, a bi bango da bututu, ƙura ta bi ciki ta fice ba tare da ta tashi a ɗaki ba. Matsalar ita ce mutumin da ya san kan injin, wani Balarabe Bakwara da kowa ke ce wa Muhandis, wato injiniya, Kirista ne, ba shi da halin wuce shingen hanyar Makka. Ba zai taɓa ganin gidan da idonsa ba. Dole a tura masa wanda ya san kowane lungu na gidan, ya koya masa, ya dawo ya yi da hannunsa. Saleh ya nemi Mu'allim. Mu'allim ya ce shi tsufa ya kama shi da sanda a hannu, haka zai ƙarasa. "Ka ɗauki Haruna. Shi ne mai son taɓe-taɓe."

Kwana uku na yi ina awon gidan da igiya, kowane kamu in ƙulla ƙulli. Na zana hawa biyar ɗin a bayan takardar buhun siminti, da ƙofofi da tagogi da ramin iska. Da zan tafi Mu'allim ya miƙo mini gwangwani cike da sharar gidan, ya ce in kai wa mutumin. Na ji kunyar shiga motar Jidda da gwangwanin shara a cinya, amma shi ya fi duk awon da na yi amfani.

Inji uku Muhandis ya nuna mana a shagonsa, ni da Saleh. Na farko mai taya ne, irin wanda ake ja ɗaki zuwa ɗaki, kuma shi Saleh ya fi karkata gare shi don ba sai an fasa bango ba. Na roƙi a gwada shi inda hasken rana ke shigowa ta taga. Na zuba sharata a ƙasa, aka kunna. Gaba ya lashe komai tas, amma a cikin hasken nan sai ga lallausar ƙura tana fita ta bayansa kamar hayaƙi. Na ce wa Saleh, "Maigida, wannan zai share darduma ne ya zuba wa Sitti a ƙirji." Bai ƙara maganar injin nan ba. Na biyu na bango ne, amma datti a jakar takarda yake tarawa, jakar kuma sai jirgin ruwa ya kawo. Na tambayi kaina wa zai zo Jidda neman jakar takarda ana tsakiyar Hajji. Na uku bokitin ƙarfe gare shi, da ƙyallen tacewa da ake wankewa a mayar, da bututun da ke fitar da iskar waje gaba ɗaya. Shi muka zaɓa, kuma muka ɗauki mai ƙarfin, don hawa biyar ba wasa ba ne. Ƙaramin inji a dogon gida ƙara kawai zai yi ta yi muku.

Muhandis ya baje sauran sharar a kan jarida yana tonawa da fensir. Ga yashi, ga ƙwallon dabino, ga gashin aski, ga 'ya'yan carbi, ga tsakuwar jifa da ta rage wa wani a aljihu, har da allura. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sake zanen da ya fara yi. Ya ce duk inda bututu zai juya, a ba shi kwana mai faɗi, kada ƙwallon dabino ya tsaya. Wuri ɗaya kawai ake sa gwiwa mai kaifi, wato dab da bakin da ake soka tiyo, don dogon abu irin asuwaki ya maƙale a inda hannu zai kai. Har yau haka nake yi, ku ma haka na koya muku, ko da yake ban ga alamar kun san dalili ba.

Sau uku na gyara wa Muhandis magana, kuma kaina ya kumbura. Ya ce a ajiye injin a ɗakin ƙasa. Na ce a Makka in aka yi ruwa a kan duwatsu, kwararo yakan zama kogi, kuma akwai layi a bangon ɗakin nan da ke nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa, daidai ƙuguna. Muka mayar da shi kan dakali a ƙarƙashin matakala. Ya ce bututun fitar iska ya fita ta gaba. Na ce gaba tagar maƙwabta ce, sai dai baya, inda gidan ya jingina da dutse. Ya ce baki ɗaya a baranda ya ishi ɗaki uku tunda tiyon dogo ne. Na ce a gidan alhazai ɗakin mata daban, na maza daban, ba a jan tiyo ta cikin wannan a shiga wancan, kowane ɗaki sai da bakinsa. Ya yi dariya ya ce ni ne muhandis. Sai ya ɗauko littafinsa ya nuna mini hoto, ya ce bakin ana yinsa ƙasa-ƙasa, taƙi ɗaya da rabi daga daɓe, da murfi mai ɗagawa. Na dubi hoton na ce to. A nan ne ya kamata in yi magana, kuma a nan ne na yi shiru.

Wata biyu muka yi muna aikin, ni da mutum biyu daga cikin mutanen Mu'allim da wani mai gyaran lantarki. Bangon dutse ba ya sassaƙuwa yadda kuke yanka bulo da injinku yanzu. Da guduma da kurfi muke bi, wani dutsen a yini guda ba ka huda shi ba. Babban bututun muka bi da shi ta ramin iska, muka ɗaure da ƙarfe, kowane hawa muka fitar masa da reshe. Kowace mahaɗa sai na kunna inji na kara mata harshen kyandir. In harshen ya karkata, iska na shiga, sai a kwance a sake.

Ranar gwaji Sitti ta sa aka sauko da ita, ta ce a gabanta za a yi. Ta zauna a kusurwa cikin lulluɓinta, na share dardumar ɗakin daga bango zuwa bango. Kowa ya yi tsit ana jiran tari. Bai zo ba. Ta ciro farin hankici ta goga a dardumar ta duba, ta ce, "Ɗayyib, ya yi kyau, ɗan nan. Ina ƙurar ta tafi?" Na ce tana ƙarƙashin matakala a bokiti. Ta ce, "To ta zauna can." Azumin shekarar ta yi shi cif, kullum da ƙafarta take zuwa Harami. Maƙwabta suka riƙa zuwa kallo, masu gidaje uku suka ce in Hajji ya wuce zan yi musu. Na fara tafiya ina jin ƙasa ta yi mini kaɗan.

Sai alhazai suka iso. Hawa huɗun nan suka cika maƙil, yawanci mutanenmu ne na karkara, tsofaffi maza da mata da suka yi shekaru suna tanadin wannan tafiya. Ruwa 'yan ga-ruwa ke hawa da shi a gwangwani, banɗaki kuma ɗaya ne a kowane hawa, lokacin salla layi har matakala. A rana ta huɗu na ji jan injin ya ragu. A ta shida na buɗe bokiti na tarar da taɓo maimakon ƙura. Na ɗauka wani gwangwanin ruwa ne ya zube kusa da shi, na kwashe, na shanya ƙyallen, na ci gaba. Aka fita Mina, gida ya zama wayam, ni ma na tafi ɗaukar kaya kamar kowa. Da muka dawo na kunna. Ya yi wani irin gurnani, ya buga ƙara sau ɗaya, warin ƙonanniyar waya ya cika matakala.

Na kwance bututun ƙasa, ruwa ya zubo mini a ƙafa, da shinkafa da ganyen shayi da kumfar sabulu. Na bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. A hawa na uku na yi sallama ɗakin mata, aka ce in shigo. Wata tsohuwa daga wajen Daura, Iya Tabawa ake ce mata, tana tsugune a gindin bango, ta tokare murfin da babban yatsan ƙafarta, tana alwala da buta, ruwan na bin ramin salin-alin.

"Iya, me kike yi haka?"

"Alwala, ɗana. Kai ne mai aikin gidan? Allah ya yi wa mai gidan nan albarka. Duk gidajen da 'yan garinmu suka sauka, babu inda aka yi wa kowane ɗaki rariya sai nan. Har da murfi, don kada ɓera ya shigo."

Na zo da niyyar faɗa, sai na tuna wani abu. A ɗakin uwata a gida akwai rami daidai wannan a gindin bango, kuma aikinsa ke nan. Duk wanda ya tashi inda na tashi, in ya ga rami taƙi ɗaya da rabi daga ƙasa, ya san na ruwa ne. Muhandis bai taɓa ganin rariyar ɗaki ba, ba laifinsa ba ne. Ni kusa da ita aka haife ni. Na ce wa Iya Allah ya karɓi ibada, na sauko, na zauna a matakala ina jin kamar in nutse.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Alhazai suka tafi suka bar dattin wata guda, ga inji a mace. Babu yadda za a yi, muka koma sanda. Mun rufe ramin iska da barguna, mun jiƙa tsummoki mun toshe ƙofar sama, duk da haka a rana ta uku aka sauko da Sitti a kan kujera, numfashinta na fita kamar ana jan zarto. Kwana tara ta yi a asibiti, daga can Saleh ya wuce da ita Ka'akiyya kamar yadda suka yi. Masu gidajen nan uku kowa ya janye. A wurin masu shayi in na wuce sai in ji ana cewa ga mai ramuka nan. Saleh ya aiko a ce mini in samo siminti in toshe su duka. Mu'allim bai yi mini dariya ba, ko da yake da ya yi da ta fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Ka tambayi inda ƙura za ta. Ba ka tambayi inda ruwa zai je ba."

Kafin in toshe na ce bari in je in gaishe da Sitti. Na same su a Ka'akiyya da la'asar, gida sabo fes, babu ko motsin mutum a waje. Tana bayan labule, muryarta ta sirance. Duk sanda ta motsa ina jin ƙarar makullin gidan Jarwal, ashe a bakin zanenta ta ɗaure shi.

"Ɗan nan, gaya mini tsakaninka da Allah. Injin ne ba shi da kyau?"

"Ranki ya daɗe, injin lafiyarsa ƙalau. Ni na huda ramin a inda bai kamata ba."

"Zai gyaru?"

"Zai gyaru."

Saleh ya ce, "Ummi, mun gama wannan maganar. An gwada, an gani."

Ta yi tari, ta huta, sannan ta ce, "Me aka gani? An ga baƙin Allah sun sami rami sun zuba ruwa. Ni kaina ranar da na fara ganinsa abin da ya zo mini ke nan, kunya ce ta hana ni tambaya. Wata huɗu ina shaƙar iska a gidan ubana kamar yarinya, kai ma ka gani. A nan kuwa lafiya nake, amma in aka kira salla sai in kasa kunne in ji ba muryar da na sani ba ce." Ba ta taɓa kiran sunansa, da yake ɗan fari ne. Ta ce, "Kai wannan, ka bar shi ya gyara. In azumi ya zo ka mayar da ni. In na sake faɗuwa, da hannuna zan ba ka makullin."

Saleh ya miƙe. Da ya raka ni ƙofa ya ce, "Haruna, uwata ce. Ka san abin da ka ɗauka." Na ce na sani.

Na saɓi injin na kai Jidda aka sake naɗa masa waya. Da na ba Muhandis labari ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya natsu ya ce in zana masa yadda rariyar take. Muka kwana biyu muna zane. Bakin tiyo ya tashi daga gindin bango ya koma daidai ƙirjin mutum. Daga bakin, bututu ya fara hawa sama kamu guda kafin ya juya ya gangara, don ko wani ya ɗaga buta ya zuba, ruwan kansa zai dawo. Kowane murfi da ɗan kwado, makullan a wuyana. Muhandis ya ce tsofaffin ramukan sai a toshe. A nan na ce a'a. Mutanen nan ba ɓarna suka zo yi ba, wurin zubar da ruwa suka rasa, in na toshe kuma za su nemi wani. Tunda sun ce rariya ce, na bar musu ita rariya. Na raba tsohon bututun da injin, na wanke shi, na kai ƙarshensa kwata, na yi wa kowane rami ɗan gurbi na siminti inda mutum zai tsuguna. Injin kuma na ja masa sabon bututu a gefe. Wata uku ya ci, kuma wannan karon kowane dutse na huda sai na tsaya na tambayi kaina me baƙo zai ɗauka wannan.

Sitti ta dawo ana saura kwana biyu azumi. Da Hajji ya zo, kowane ayari ya sauka ni ke tarbarsu a ƙofar ɗaki, in nuna musu da hannu, na ƙasa na ruwa, na sama na ƙura, kuma na sama ba ruwanku da shi. Kullum da safe sai na buɗe bokiti na cusa hannu har ƙasa. A bushe. Aka fita Mina aka dawo, na tsaya gaban injin na yi bisimilla na kunna. Ya ɗauka lafiya lau. Bayan alhazai sun tafi muka share hawa biyar ɗin nan cikin kwana shida, ba a ɗaga sanda ko sau ɗaya ba. A rana ta ƙarshe na hau sama in faɗa an gama, na ji Sitti ta bayan labule tana yi wa jikokinta faɗa da ƙarfinta a kan sun bar tagar ɗaki a buɗe. Ban taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba.

Masu gidajen nan uku suka dawo, suka kawo wasu. Daga nan ban sake rasa aiki ba, sunan mai ramuka kuma ya bi ni har yau, sai dai yanzu da shi ake nemana. Mu'allim bai ajiye sandarsa ba har ƙarfinsa ya ƙare, amma duk gidan da na gama sai ya zo ya zagaya baya, ya kara tafin hannunsa a bakin bututun fitar iska, ya duba gidan wa yake kallo.

Saboda haka in mai gida ya kira ku ya ce ku zaɓa masa inji, kada ku fara da littafin kamfani. Ku ce a kawo muku sharar gidan ku gani. Ku tambayi wa ke kwana a wane ɗaki, wa ke da ciwon ƙirji, baƙi daga ina suke zuwa, a ina ake alwala. Ku zauna a ƙasa inda mutanen gidan ke zama, ku dubi bangon daga nan. Hudar ita ce ƙarshen aiki, kuma ita ce mai sauƙin.

Gidan Jarwal yanzu babu shi, otal ne a wurin. Amma Sitti Hauwa ta ƙara shekara goma sha ɗaya a cikinsa, kuma ba fuka ce ta ɗauke ta ba, tsufa ne. Ranar da ta rasu motocin Saleh uku suna bakin kwararo, ba a tayar da ko ɗaya ba. Daga ƙofar nan aka fito da ita bayan azahar, aka ɗora a kafaɗa. Ana tafiya ana karɓa-karɓa kamar yadda aka saba, kowa ya ɗan taɓa ya ba wani. Da na sa kafaɗata a gaba ta hagu, wani ya matso zai karɓe ni, sai Saleh ya riƙe masa hannu ya ce ya bar ni. Ban sauke ba sai a ƙofar Harami.